Yadda ake kafa na'urar tsotse laima a bangon ɗaki a Legas

Wanda ya taso a Arewa bai san laima ba sai ya zauna a Legas. A gida ka wanke riga da hantsi, kafin azahar ta bushe ƙayau. A nan Agege kuwa, idan damina ta kankama a watan Yuni, ka shanya tawul ran Litinin, ran Laraba ka taɓa shi ka ji kamar yanzu aka matse. Gishiri ya jiƙe a kwano, yaji ya dunƙule, kukar da aka aiko maka daga gida ta canza wari, ashana ta ƙi kamawa. Duk wannan na yi shekaru ina haƙuri da shi, har ranar da uwargida ta buɗe akwati za ta ciro mini babbar rigar Sallah.

"Maigida, zo ka ga ikon Allah," in ji ta.

Shaddar da na ɗinka da kuɗi masu ciwo ce, duk wuyanta ya yi ɗigo-ɗigon toka-toka, aikin zaren ya dafe. Takalmina sau-ciki da ke ƙasan wadirof ya yi kore shar kamar an shuka masa ciyawa. Fumfuna ta gama da su, ga wani wari mai kama da na tsohuwar rijiya. A makon nan na shiga neman na'urar tsotse laima, kuma na zaɓi ta bango, saboda ta ƙasa tana da ɗan bokiti a cikinta da yake cika kullum sai an zubar, tana cin wuri, yara kuma ba sa barin ta. Ta bango tana can sama, ruwanta na bin tiyo ya fita waje, babu mai tashi tsakar dare don juye bokiti.

Yadda take aiki ba wani abin mamaki ba ne. Ka taɓa ciro robar ruwa daga firji ka ga jikinta ya yi gumi? Shi ke nan. Fanka ce a ciki take jawo iskar ɗaki ta bi da ita ta kan wasu siraran bututai masu sanyi, ruwan da ke cikin iskar ya taru a jikinsu ya ɗiga cikin faranti, iskar kuma ta wuce ta kan wasu bututan masu ɗumi ta dawo ɗaki a bushe. Ruwan ba kaɗan ba ne. Ɗaki mai faɗin mita 4 da tsawon mita 4, tsayinsa mita 3, idan zafi ya kai digiri 30 laima kuma ta kai kashi 80 cikin 100, kamar yadda aka saba a Legas, iskar cikinsa kaɗai tana ɗauke da ruwa fiye da lita ɗaya. Ba a ma zo kan wanda katifa da labule da kafet da bango suka sha ba. Abin da ake nema shi ne a sauko da laimar ta tsaya tsakanin kashi 50 da 60, domin a nan fumfuna ba ta samun yadda take so.

Ka fara tabbatar da inda ruwan yake fitowa

Wannan ne matakin da mutane ke tsallakewa, su yi asarar kuɗinsu. Gidaje da yawa a Legas an gina su ne a kan fadama da aka cike da yashi, wasu kuma magini bai sa ledar da ke hana ruwan ƙasa hawa bango ba. Idan ka ga fenti yana kumbura yana ɓarewa daga ƙasa zuwa wajen gwiwa ko ƙugu, da wani farin gari kamar kanwa a jikin filasta, to ruwa ne ke tasowa daga tushen gini. Idan tabon daga sama yake gangarowa, rufi ne ke yoyo ko fayif ɗin maƙwabcin sama ya fashe. Na'ura ba ta gyara ko ɗaya daga cikinsu. Za ta yi ta aiki dare da rana tana shanye maka yunit, bango kuma yana ƙara kawo mata ruwa.

Gwajin mai sauƙi ne. Yanki leda mai kauri kamar faɗin littafi, ka goge bangon, ka manna ta da salatif ta kowane gefe yadda iska ba za ta shiga ba, ka bar ta kwana biyu. In ka dawo ka tarar da gumi a fuskar da ke kallon ɗaki, laimar iska ce, na'ura za ta yi maka magani. In gumin yana bayan ledar, tsakaninta da bango, magini za ka fara nema. Sai kuma ka sayi ɗan ma'aunin laima, irin mai kama da agogon tebur da ke nuna zafi da laima tare, ka ajiye shi a ɗakin kwana uku ka ga lambar da yake bayarwa safe da dare. Da shi ne za ka gane daga baya ko na'urar na aiki ko ƙara kawai take yi.

Wata gaskiyar kuma: idan ɗakin yana da iyakwandishan kuma kana kunna ta kullum, ita ma tana tsotse laima, shi ya sa ruwa ke ɗiga a bayanta. Mai irin wannan ɗaki ba lallai ya bukaci wata na'ura ba. Inda ta fi amfani shi ne ɗakin ajiyar kaya, ɗakin da akwatunan lefe da littattafai suke, shagon mai sayar da yadi ko takalma, da ɗakin kwana na ƙasa da rana ba ta shiga.

Saye

A kasuwar Alaba da ke Ojo za ka same ta, haka a manyan shagunan kayan lantarki na Ikeja. Ana auna ƙarfinta da yawan litar ruwan da take cirewa a yini. Mafi yawan kamfanoni suna rubuta wannan lamba ne bisa gwajin zafi digiri 30 da laima kashi 80, abin da a Turai ba kasafai ake samu ba, a wurinmu kuwa shi ne yanayin kowace rana. A ganina mai lita 10 zuwa 12 ta ishi ɗakin kwana guda, falo babba ko shago kuma a nemi mai lita 20 zuwa sama. Ka sayi mai kwamfiresa, wato irin injin sanyaya da ke cikin firji. Akwai wata iri da ke amfani da sinadari mai shan ruwa tare da hita, an yi ta ne don ƙasashen sanyi, a Legas ɗaki za ta mayar maka gidan burodi.

Juya bayanta ka karanta takardar da ke manne. Dole ka ga 220 zuwa 240V da 50Hz, irin wutarmu ke nan. Tokumbo da ta fito daga Amurka galibi 110 zuwa 120V ce da 60Hz, wasu ma an ƙera su ne don a nutsa su cikin bangon katako irin na gidajensu, ba su da wurin zama a jikin bulo. Komai arharta ka bar musu. A takardar nan za ka ga nauyinta, da wat ɗin da take ci, da irin gas ɗin da ke ciki. Idan R290 ne, ka sani gas ne mai kama wuta, ba a huda bututunta, ba a kai mata wuta kusa. Ka sa a buɗe kwali a gabanka, ka ƙirga: ƙarfen rataya, tiyo, littafin bayani. Ka sa a kunna ta ka ji fanka ta tashi, bayan 'yan mintoci ka ji kwamfiresa ta kama. A mota a tsaye za a ɗauko ta. In dole ta sa aka kwantar da ita, to da ka isa gida ka tsayar da ita ka bar ta kwana guda kafin ka sa mata wuta, don man kwamfiresa ya koma mazauninsa, kamar dai sabon firji.

Ruwa tukuna, bango daga baya

Da na zo kafa tawa, wurin da ya fi kyau a ido na fara nema. Kuskure ne. Tambayar farko ita ce ina ruwan zai bi, domin tiyon ba shi da famfo, gangara kawai yake bi. Saboda haka bangon da ya fi dacewa shi ne wanda bayansa waje ne, kusa da lambatu, ko wanda ya haɗa da banɗaki yadda tiyo zai sauka kan magudanar ƙasa. Fita ka zagaya bayan ɗakin ka duba da idonka. Kada ruwan ya zuba a kan hanyar da mutane ke bi, kada ya ɗiga kan tagar na ƙasa ko igiyar shanyar maƙwabciya. A gidan haya irin na fes-mi-ai-fes-yu, ɗigon ruwa kaɗai ya isa ya haɗa faɗan shekara. Kuma ka sanar da mai gida ko kiyateka kafin ka huda masa bango, kada ranar tashi a zaftare maka kuɗin ajiya.

Bayan ka samu hanyar ruwa, sai ka duba iska. Littafin na'urar zai faɗi tazarar da take so, ka bi shi. In bai faɗa ba, bar aƙalla santimita 30 tsakaninta da silin, haka ta gefe da gefe, gabanta kuma a bar kamar mita guda babu labule, babu ƙofar wadirof. Kada ka kai ta can ƙololuwa inda sai da tsani za a taɓa, domin duk mako biyu za ka ciro ragarta mai tace ƙura ka wanke. Daidai inda hannunka zai kai kana tsaye, amma yaro ba zai kai ba, ya yi. Kada ta kasance saman gado ko saman talabijin, ko ba komai wata rana za ta yi yoyo. Tana kuma da ɗan gurnani irin na firji da ke bin bango, don haka bangon da kan gado yake jingine ba wurinta ba ne, naka ko na maƙwabcinka.

Kayan aikin ba su da yawa: diril mai duka da bakin huda bulo, lebur irin na magina mai kumfa a tsakiya, tef na awo, fensir, sifana, sukundireba, fisha (robar da ake cusawa a rami don sukuru ya kama) da sukuru masu kauri ko noti mai buɗewa a cikin rami, washa, guntun fayif na roba, silikon, da ƙananan maƙalai na kama tiyo a bango. Sai mutum na biyu. Kada ka ce kai kaɗai za ka ɗaga ta kana kan kujera.

Huda bango da ɗaura ƙarfen rataya

Ɗora ƙarfen a jikin bango daidai tsayin da ka zaɓa, ka aza lebur a kansa har kumfar ta tsaya tsakanin layukan nan biyu, sannan ka sa fensir ka yi alama a kowane rami. Kada ka yarda da ido, kada kuma ka auna daga silin ko daga tayil, yawancinsu a karkace suke. Idan na'urar ta karkata ko da kaɗan ne zuwa gefen da ba tiyo, ruwa zai taru a farantin ya tumbatsa ta gaba.

Kafin diril ya taɓa bango, ɗaga kai ka duba soket da makunnin fitila. Wayoyin da aka binne a bango galibi a miƙe suke tafiya, sama ko ƙasa daga soket, wani lokaci a kwance zuwa na kusa da shi. Kada ka huda a kan wannan layi. In bayan bangon banɗaki ne, ka lura da inda fayif ɗin shawa da famfo suka bi. Kashe birekar ɗakin, ka jawo wutar diril daga wani ɗaki. Naɗa ɗan salatif a bakin diril daidai zurfin fishar don kada ka zarce.

A nan ne bulon Legas ke nuna halinsa. Bulo mai inci 9 ko mai inci 6, tsawonsa inci 18, cikinsa rami biyu ne, fatarsa kuma ba ta cika wuce inci biyu ba. Kana cikin huda sai ka ji diril ya zurma fuu, ka faɗa rami ke nan. Yaron da ke mini aikin wuta, Bazazzagi ne, da ya huda ramin farko ya tara hannu ƙurar ta zubo, ya murza ta a yatsa ya dube ni.

"Alhaji, wannan ai garin rogo ne. Siminti gaisawa kawai ya yi da yashin ya wuce."

Ya yi gaskiya. Da muka sa fisha muka ɗaure sukuru, da hannu ya fizgo ta. In ka gamu da irin wannan, hanyoyi uku ne. Ko ka matsa da ƙarfen kaɗan dama ko hagu har ramukan su dace da inda bulo yake a cike, wato bakinsa ko tsakiyarsa. Ƙwanƙwasa bango da bayan sukundireba, inda ya yi ƙara kamar ganga rami ne, inda sautin ya mutu nan ne cikakke. Ko ka faɗaɗa ramin ka cusa kwaɓaɓɓen siminti mai ƙarfi ya cika kogon, ka bar shi kwana uku ya kama sannan ka sake hudawa. Ko kuma, idan na'urar mai nauyi ce sosai, ka huda bangon gaba ɗaya ka zura dogon noti ya fita ta baya, ka sa faffaɗan ƙarfe da washa ka ɗaure. Mu ta biyu muka bi, kuma ba na nadamar kwana ukun nan. Mazauna kusa da teku, irin su Leki da Aja da Apapa da Badagiri, su nemi noti da ƙarfen da ba sa tsatsa, iskar gishiri tana cin baƙin ƙarfe kamar gara.

Hure ƙurar ramin, buga fisha har ta shafe da bango, ɗora ƙarfen, ka ɗaura sukurori sama-sama tukuna. Sake aza lebur, gyara, sannan ka ɗaure su tamau ɗaya bayan ɗaya. Daga nan kama ƙarfen da hannu biyu ka ja shi ƙasa da ƙarfinka. In ya motsa ko filasta ta tsage, kada ka rataya komai, koma baya.

Hanyar ruwa

Tun na'urar na ƙasa, duba inda bakin tiyonta yake, ka auna inda zai faɗo a bango, ka yi alamar ramin fita ƙasa da wannan wuri. Ramin ya fi tiyo faɗi, kuma a huda shi a gangare, bakin ciki ya fi na waje tsayi, don ruwan na'ura ya fita, ruwan sama kuma kada ya biyo ya shigo. Daga ciki ake farawa. Idan ka kusa ɓullewa ka sassauta hannu, ka kashe dukan diril, in ba haka ba filastar waje za ta ɓalle faffaɗa. Zura guntun fayif a ramin ya zama riga, domin kaifin bulo kada ya yanke tiyo, kuma ruwa kada ya zuba a cikin kogon bulo in tiyon ya tsage.

Yanzu ku biyu ku ɗaga na'urar, a tsaye, ku saƙala ta a ƙarfen har ku ji ta zauna. In akwai sukurun kulle a ƙasa ko a gefe, ɗaure shi. Sake aza lebur a kanta. Cusa tiyo a bakinsa har ƙarshe, ka ɗaure da maƙali, ka zura ɗaya bakin ta fayif ɗin zuwa waje. Dokar tiyo guda ce: daga na'ura har ƙarshensa kada ya taɓa hawa sama. A kowace mita ya sauka aƙalla santimita 2. Kada ya lanƙwashe, kada ya yi ciki a tsakiya kamar igiyar shanya, shi ya sa ake kama shi da maƙalai kusa-kusa. A waje gara ka sa shi cikin fayif, rana na busar da roba ta farfashe.

Bakin tiyo na ƙarshe kuwa, a nan na sha tawa wahalar. Don tsafta, sai na tura shi can cikin lambatu yadda ba mai ganin ɗigon. Mako uku lafiya lau. Ranar da aka kwana ana ruwa, lambatun ya cika ya haɗiye bakin tiyon, iska ta toshe a ciki, ruwan na'ura ya rasa hanya ya dawo. Da asuba na tashi na taka ruwa a tsakar ɗaki, bango ya yi dogon sawu tun daga na'urar har ƙasa, darduma ta jiƙe sharkaf. Uwargida ba ta ce komai ba, tsumma kawai ta miƙo mini, wanda ya fi magana ciwo. Don haka bakin tiyo ya tsaya a sarari, aƙalla taƙi guda sama da inda ruwan lambatu yake kaiwa ranar da ya fi cika, kuma kowa ya san yadda lambatun unguwarsu yake yi a watan Yuni da Yuli. Kada kuma ka haɗa shi kai tsaye da fayif ɗin masai ko na sokawe, wari zai biyo shi ya shigo ɗaki, fankar na'ura ta raba wa kowa. Ɗaura ɗan yankin gidan sauro a bakin don kyankyaso da tururuwa. A ƙarshe toshe gefen ramin bangon da silikon ciki da waje.

Idan ɗakinka na tsakiya ne, babu bangon waje ko banɗaki kusa, akwai ɗan ƙaramin famfo da ake haɗawa da irin waɗannan na'urori yana tura ruwan sama ya bi ta silin. Yana aiki, amma ƙarin abin lalacewa ne, kuma ranar da ya tsaya ruwa a ɗaki zai sauka. Ni da in sa shi, gara in sauke tiyon cikin jarka babba in riƙa zubarwa. Ruwan yana da kyau a ido amma ba na sha ba ne, ba na girki ba, ya bi ta kan ƙura da ƙarfe. A yi goge-goge da shi ko a kora banɗaki.

Wuta

In ba sana'arka ba ce, kira mai aikin wuta. Abin da za ka tsaya a kai shi ne a ba ta soket nata na kanta, mai baki uku, na amfiya 13, da waya mai kaurin 2.5mm, kuma wayar ƙasa, wato ta ukun da ke kare mutum daga jan wuta, ta kasance da gaske take aiki. A gidaje da yawa in ka buɗe soket za ka tarar da waya biyu ne kawai, ta ukun babu. Na'ura ce mai jikin ƙarfe da ruwa a ciki, ba a wasa da wannan. Soket ɗin ya zauna a gefe ko sama da bakin tiyo, kada ya kasance ƙarƙashinta inda yoyo zai same shi. Kada a haɗa ta da doguwar wayar jona-jona da ake caja waya da kunna dutsen guga.

Sai abin kariya. Ko Ikeja Electric ke ba ka wuta ko Eko, ka san yadda ake ɗaukewa a dawo da ita cikin ƙiftawar ido, wani lokaci da ƙarfi, wani lokaci rabi. Kwamfiresa ba ta son a tashe ta nan take bayan ta tsaya, tana bukatar kamar minti uku. Yawancin na'urorin suna da wannan jinkiri a cikinsu, duk da haka ka sa mata irin abin kariyar da ake sa wa firji, mai yanke wuta in ta yi yawa ko ta yi ƙasa. In wutar layinku kullum rabi ce, sai sitabilaiza. Ɗan ƙaramin janareton nan da 'yan Legas ke kira ai-fas-mai-neba kuwa kada ka ɗora masa ita tare da firji, lokacin tashi kwamfiresa na jan wuta ninkin abin da aka rubuta.

Ka yi lissafin yunit tun yanzu don kada mita ta ba ka mamaki. Na'ura mai wat 300 in ta yi awa 8 a yini ta ci yunit 2.4, a wata yunit 72 ke nan. Ga wanda ke layin Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, inda tun watan Afrilun 2024 yunit guda ya haura naira 200, kuɗin ya wuce naira 14,000 a wata. Ba ƙaramin abu ba ne, amma ni na auna shi da kuɗin shadda guda.

Kunnawa

Kafin ka kunna, ka wanke fumfunar da ta riga ta kama. Na'ura tana hana sabuwa fitowa, ba ta kankare tsohuwa. Buɗe tagogi, rufe hanci da baki, sa safar hannu, ka goge bango da cikin wadirof da ruwan bilic da aka sirka, kuma kada ka haɗa bilic da wani sinadarin wanke banɗaki, hayaƙin da suke fitarwa yana kai mutum asibiti. Tufafi a kai su rana, takalma a goge a shafa musu mai.

In farantin ruwan yana inda hannu ke kaiwa, tsiyaya masa kofi guda na ruwa a hankali, ka sa wani ya tsaya a waje ya ga ya fito. Sannan rufe ƙofa da tagogi ruf. Wannan ne wurin da ake samun saɓani da mutanen gida, domin mun saba buɗe taga a sha iska. Amma taga a buɗe na nufin kana ƙoƙarin busar da Legas ne gaba ɗaya har da tekunta. Tagar luba ma ko an rufe tana shigo da iska ta tsakanin gilasai, sai an bi gefenta da soso ko leda, ƙasan ƙofa kuma a sa tsumma. Saita ta a kan laima kashi 55. Buɗe ƙofofin wadirof da murfin akwatuna, janye katifa da kujeru daga jikin bango kaɗan.

Cikin awa guda ya kamata ka ga tiyo ya fara ɗiga. Kwana biyu ko ukun farko ba za ta huta ba in akwai wuta, kuma ma'auninka zai riƙa sauka yana komawa, kada ka ce ta lalace, katifa da bango ne ke amayo abin da suka sha. Bayan haka za ka ji tana tsayawa da kanta tana tashi. Iskar da take fitarwa tana da ɗumi, ɗakin zai ƙara zafi kaɗan, amma da ka kunna fanka za ka ji bambanci, gumi na bushewa a jiki maimakon ya yi ta danƙo. Ni da rana nake barin ta ta yi aikinta lokacin ba kowa a ɗakin, da dare in kashe. Kada ka yi kwaɗayin saita ta a 40, wuta kawai za ka ƙona, a Legas da wuya ta kai can.

Abu guda da littafinta ba zai gaya maka ba, don masu rubuta shi ba su san gidan Bahaushe ba: turaren wuta. Idan uwargida ta ɗauko kasko, a kashe na'urar tukuna, a bar hayaƙin ya lafa kamar awa guda. In ba haka ba za ta zuƙe shi duka, maiƙonsa ya manne a raga da bututan ciki ya kama ƙura, ƙamshin ma da ake nema ya tafi a banza. Kaskon kuma kada a ajiye shi ƙarƙashinta, musamman mai gas ɗin R290.

Duk mako biyu cire filogi, zaro ragar, wanke ta da ruwa, bar ta ta bushe a inuwa kafin ka mayar. Duk wata ka leƙa bakin tiyo, ka kora masa ruwa mai ɗumi, domin wani yauƙi yana taruwa a ciki. Ranar da ka ga ta yi ta ƙara amma ba ɗigo, raga da tiyo za ka fara dubawa kafin ka kira mai gyara. Sau biyu a shekara ka gwada sukurorin ƙarfen rataya da sifana, gurnanin kwamfiresa yana sassauta su a hankali.

Idan hunturu ya leƙo wajen Disamba zuwa Janairu, ko da yake na Legas bai kama ƙafar na Kano ba, ma'auninka zai nuna maka laima ta sauka da kanta. Kashe ta, bar ta yini guda cikinta ya bushe, ka lulluɓe ta da tsohon zani saboda ƙura. Ranar da za ka dawo da ita aiki, wajen Maris ko Afrilu, kafin ka sa filogi fita waje ka cire ragar bakin tiyon ka zura tsinke. Bara da na yi haka, gidan zanzaro na tarar a ciki, ya toshe shi da laka tsawon ɗan yatsa.